Kwanon Maman Afi

Ranar da aka aiko daga Togo cewa Maman Afi, wadda ta je gida, ta rasu, kwanonta yana wurina. Ta daɗe tana sayar da abinci a bakin layinmu. Kullum takan aiko min da shinkafa da kifi, ni kuma in mayar da kwanon da tuwo. Da ta rasu mutane suka ɗauke ƙafa, har 'yarta Afi ta ce za ta rufe shagon. Ni ma na kasa leƙawa. Kwanon dai kowace safiya sai na wanke shi.

To, daren jiya sai ga mafarki. Wai unguwarmu ta shirya bikin abinci don a cika shagunan baƙi. Akuya ce shugabar kwamiti, tana ofis da tabarau, tana cin takardun. Ta ce ba mai shiga sai an auna yunwarsa. Aka ɗora ni a sikeli, ta ce tawa ta isa.

Ruwa yana tashi daga ƙasa zuwa sama, kowa ya taka lemarsa. Tukwane ne ke zaɓen wanda zai ci. Ta 'yan Senegal ta zaɓi mai unguwa. Ta 'yan Chadi ta bi Ɗanlami tela da gudu, yana rantsuwa ya ƙoshi. Ta Afi kaɗai ta juya wa jama'a baya.

Sai ga Maman Afi a kan darbejiya tana suya, kifayen suna juya kansu. Na tambaye ta ya can. Ta ce lafiya lau, sai dai barkononsu ba yaji.

"Yaya Tasalla, ina kwanona?"

Na ce yana nan, ban san wa zan miƙa wa ba.

"Ke kika fara cin abincina lokacin da ake ƙyamar girkin baƙi, layi ya biyo ki. In ba ki je ba, wa zai je?"

Na sa hannu a ƙullin zanena, sai ga kwanon. Na ajiye shi gaban tukunyar Afi. Tukunyar ta juyo, ta yi atishawa, ta buɗe. Jama'a suka yi layi har bakin titi, akuya ta tsallake kowa ta ce aikin ofis ne.

Ƙarar turmin Afi ce ta tashe ni. Ashe ba ta rufe ba tukuna. Na wanke kwanon kamar kullum, amma yau na zuba ɗumame a ciki, na ɗauki mayafina.