Sauran Ma'anonin

Tun da tsohon akawu ya yi ritaya, ya zama baƙo a gidansa. Uwargida tana ɗakin ɗinki daga safe har yamma, keke yana ta ƙara, mata suna shiga da yadi suna fitowa da riguna. Shi kuwa yana baranda da rediyo da tabarau, ko tari ya yi babu mai ce masa sannu. Kaɗaicin yana ci masa rai, amma ko za a yanka shi ba zai faɗa ba.

Ana nan sai labari ya zo cewa babbar 'yarsu za ta zo hutu da jikarsu, wadda aka haifa a ƙasar waje, bakinta bai san komai ba sai Turanci. Ranar da la'asar uwargida ta tsayar da keke, ta jawo kujera kusa da shi.

"Malam, koya mini ɗan abin da zan tari yarinyar nan da shi. Zo, zauna, ci, kar ki gudu. Shi ke nan."

Aikin da za a gama kafin shayi ya huce ke nan, ita kuma ta koma wa kekenta. Akawu kuwa bai so zaman ya ƙare da wuri haka ba. Ya shiga ɗaki ya kinkimo tsohon ƙamus ɗinsa mai bango liƙe da salatif.

"Hajiya, ba a yi wa Turanci gaggawa. Ɗauki gudun nan, run ake cewa. To famfo ma in yana zuba, run yake yi. Mai tafiyar da shago, run. Hanci in mura ta kama shi, run."

"Hancin ma gudu yake?"

"Sosai ma."

"To Allah ya dawo da shi lafiya."

Ta yi dariya har da share ido, rabon da ya ji irin wannan dariyar ya manta. Daga nan abu ya zama kullum. Da safe yakan bi ƙamus yana farautar kalmomi masu dogon bayani, ya tsallake gajeru kamar bai gan su ba. Da la'asar ita kuma ta zo da rigar da take yi wa kalmasa, tana ɗinki tana musu. Ranar da ya ce atamfa mai zuba a wanki ita ma run take yi, ta ce wannan kam ta riga Turawa sani.

Jika ta iso. Uwargida ta tare ta da kalma biyu, sauran ta cike da hannu da fara'a, kafin yamma yarinya tana kan cinyarta tana tsintar maɓallai. Akawu ya ji daɗi, ya kuma ji kunya, don kowa ya ga ƙamus bai tsinana komai ba.

Da hutu ya ƙare baƙi suka tafi, ya mayar da littafin saman kabad, ya koma baranda. La'asar ta yi, keke yana ta ƙara. Ya kunna rediyo, ya kashe. Yana cikin goge tabarau sai ya ji keken ya yi shiru, ga uwargida tana jan kujerarta.

"Ina littafin?"

"Ai baƙuwar ta tafi, Hajiya."

"Na sani, ni na raka ta mota. Ba kai ka ce kalmar set ta cinye shafi guda a ƙamus ba? Ko rabi ba mu yi ba."

Ya sunkuyar da kai. "Gaskiya sauran ba za su yi miki amfanin komai ba."

"Malam, tun ranar da hanci ya gudu na san haka." Ta zura zare a allura ba tare da ta dube shi ba. "Je ka ɗauko. Kuma ka riƙa karantawa a hankali, saurin me kake yi?"