Ibranancin Maman Nadir

Labib Fahim ya shekara ashirin da biyu yana aiki a gidan waya na Mallawi, wani gari can kudu, kafin dattawan ikilisiyarsu su tura shi Alƙahira, makarantar horar da fastoci. Shekararsa arba'in da bakwai a lokacin, 'yan ajinsu duk sa'o'in ɗansa Nadir ne, Baffa suke ce masa. Darasin wa'azi bai ba shi wuya ba, tarihin ikilisiya kuwa kamar ruwa yake shan sa. Ibrananci ne ya tsaye masa a maƙogwaro. Abin da ya haddace da safe, kafin la'asar ya bi iska.

Matarsa Ikram, da ta biyo shi suka zauna a ɗakunan masu iyali, ta gaji da ganin yana dafe kai. Ta ce ya ba ta katunan kalmomin, ta riƙa tambayarsa tana tsinkar lalo. Karatunta a sakandare ya tsaya, amma akwai ta da kunne. Ta lura kalmomi da yawa dangin Larabci ne, riga kawai suka sake. Ba a yi wata uku ba ta daina leƙa bayan kati. In ya gama aikin da aka ba su a aji, sai ta bi da fensir tana sa ɗigo duk inda ya kauce. Ba ta gaya masa amsa, shi zai nemo.

Wata Talata malamin Ibrananci, Dakta Wadi, dattijo mai tsanani, ya kira shi ofis. Ya ce takardunsa tas suke zuwa, amma in an ce ya karanta a aji sai ya yi ta tuntuɓe. Kuma ɗige-ɗigen nan na wane ne? Labib ya hango kansa ya koma Mallawi da sunan mai satar amsa. Ya faɗi gaskiya duka. Dakta ya ce ran Alhamis zai zo gidansu cin abincin rana.

Ikram ta yi ta mita. "Baban Nadir, kai ka kasa karatu, ni za a zo a tuhuma?" Duk da haka ta dafa tattabarun da ta cusa wa shinkafa, ta kaɗa miyar lalo da tafarnuwa.

Da aka kawo shayi, Dakta ya zaro takarda mai ayoyi biyar ya tura gabanta. Ta goge hannu, ta karanta a hankali da harshenta na mutanen kudu, ta fassara. Wuri ɗaya kaɗai ya gyara mata. Ya tambaye ta me ya hana ta zama a ajinsa, ta ce wa zai yi girki? Ya nuna Labib da cokali.

Labib ya ji ɗan kishi ya tsunkule shi, ga kuma alfahari ya cika masa ƙirji. Ya gyara murya ya ce, "Ai ni na fara koya mata baƙaƙen, Malam."

"Gaskiya ne," in ji Ikram. "Biyar ya koya mini, biyu a karkace."

Ranar ce Labib ya fara jin dariyar Dakta Wadi.

Zangon da ya biyo ta shiga aji, tana zama a baya. Labib ya koyi dafa wake, ya ƙona tukunya biyu kafin hannunsa ya faɗa. Ya ci jarrabawar da ƙyar, ita ta zo ta biyu. Ranar yaye ɗalibai, da aka kira sunanta ta karɓi takardar shaida, ya miƙe cikin baƙar rigarsa ya yi ta tafi, har sai da na kusa da shi ya ja shi ya zauna.