Bututun Ganyen Gwanda

A wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda kowane manomi ya san ranar ruwansa, akwai wa da ƙanwa, Mudassiru da Mubina. Shi ya shiga aji uku, ita kuwa ko famfara ba ta gama ba.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ubansu Baballe manomin rani ne, saboda haka wasan yaran ma noma ne. Bayan gida, inda rariya take fitar da ruwan jiƙon shinkafar kakarsu Iya, suka haƙa ɗan kanal da murfin kwano, kowa ya yanki fangalinsa. Mudassiru, da yake babba, ya kama kan kanal, ya bar wa Mubina ƙarshe. Shi tsinkaye yake kafawa ya ce albasa ce. Ita kuwa ranar da aka gama dashe a gonar Baballe, ta tsinci ɗan tumatir ɗaya da ya yi saura, ta kawo ta dasa. Nata na gaske ne, kuma ya kama.

Ana nan sai Mudassiru ya dawo daga makaranta da wani littafi mai hotuna. A ciki an zana ƙaton tafki, da yara biyu cikin jirgin ruwa. Tun daga ranar noma ya fita ransa. Ya kwaɓa laka ya datse kanal, ya ce ya gina dam. Ya ƙera jirgi da karan dawa, ya maƙala masa leda. Duk ruwan da Iya ta zubar da safe, sai ya tsaya a dam ɗin, ko ɗigo ba ya wucewa.

"Yaya, ka sako mini ruwa," in ji Mubina.

"Hukuma ta rufe. Ana gyara."

"Wace hukuma?"

"Ga ta tsaye gabanki. Ki dawo ranar ruwanki."

"Yaushe ce ranar ruwana?"

"Sai an sanar a rediyo, Hajiya mai giɓi."

Mubina ta rufe bakinta da hannu ta koma. Ruwan randa Iya ta hana a taɓa don wasa, babban kanal kuwa an yi mata kashedi ko kusa kada ta je. Ta kai ƙara wurin Iya, wadda take ta juya shinkafa a kan shanya. Iya ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ni ba na shiga shari'ar ruwa, ta ishi manya. Matsa, kina tsaye mini a kan shinkafa."

Washegari da hantsi tumatir ya sunkuyar da kai, ganyensa ya yi laushi kamar tsumma. Mubina ta tsuguna tana dubansa. Ta san in ta fasa dam, za ta sha ranƙwashi, kuma Yaya ba zai ƙara wasa da ita ba. In ta bari, tumatir ya tafi. Sai ta tuna a gona ma ba fasa kanal ake yi ba. Baballe bututu yake ɗorawa a kan gaɓa, ruwa ya haura da kansa ya sauka a fangali.

Ta je gindin gwanda ta tsinci ganyen da ya faɗo, ta karye kansa da gindinsa, saura sanda mai rami, lanƙwasasshiya. Ta tsoma baki ɗaya a dam, ɗayan a kanal. Shiru. Ta jijjiga. Shiru. Ta kwanta ta zuƙa, ruwan jiƙo mai tsami ya cika mata baki, ta yi ta tofarwa. Tana cikin haka sai ga inuwa a kanta.

"Ɓarauniyar ruwa! Yau na kama ki."

Mubina ba ta gudu ba. Ta sake tsoma bututun, ta ce, "Ai ban taɓa maka dam ba."

Mudassiru ya riga ya dunƙule hannu. Amma fa duk yaron da ya tashi a bakin kanal, ba ya iya ganin ana ɗora bututu ba daidai ba ya yi shiru. Ya duba, ya sake dubawa, abin ya ci masa rai.

"Ke wa ya koya miki? Iska ce cike a ciki. Ruwa yana bin iska ne? Kawo nan."

Ya fizge, ya nutsar da sandar duka cikin dam har ta daina kumfa, ya toshe baki ɗaya da babban yatsa, ya ɗago shi ya haurar da shi gaɓa, ya sauke ƙasa, sannan ya saki. Ruwa ya tsirto, siriri, ya bi kanal yana tura ƙaiƙayi, har ya kewaye gindin tumatir.

"Kin gani? Haka Baba yake yi."

"Na gani, Yaya. Sake in ƙara gani."

Sai da ya sake sau biyu kafin ya waiga. Dam ya ja baya, jirgi ya zauna a kan laka. Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya tuna hannun wa ya yi aikin, ya rufe.

Da la'asar tumatir ya miƙe. Suka zauna a inuwar katanga, littafin a kan cinyar Mudassiru. Mubina ta ɗora yatsa kan hoton.

"Su ma su biyu ne. Amma jirginsu ba kaya."

Mudassiru ya daɗe yana duban hoton. Can ya ce, "Jirgi ba kaya asara ne. In naki ya nuna, ni zan kai Legas. Ranar ruwanki kullum da hantsi, bututu ɗaya. Kuma ni nake ɗorawa."

Iya tana jin su ta kan katanga. Washegari ruwan da ya fito ta rariya ya fi na kullum yawa.