Lallen Rana

Furera ta cafke hannun yarinyar daidai lokacin da yatsunta suka kai ga ƙullin farin ƙyallen da ya rufe mata idanu.

"Bari," ta ce, fuskarta na kallon bango.

Biba ta fizge, ta sake kai ɗaya hannun. Ba ta wuce shekara bakwai ba. Karan gero ne ya soke ta a ido tana korar awaki a bayan gidansu, can Azarori. Likitan mishan ya ɗinke wurin, ya rufe idanun duka biyu, domin in lafiyayyen ya motsa, mai ciwon ma sai ya bi shi. Ya kuma ja kunne: in ta cire ɗaurin kafin lokaci, ko ta murza wurin, idon ya tafi ke nan.

Lai'atu, mai aikin ɗakin mata na asibitin, ta ajiye bokitin da ke hannunta ta riƙe ƙugu.

"Baiwar Allah, wagga ɗiyarki ta, ko ta maƙwabta kika aro? Tun safe ba ki ce mata komi ba sai 'bari'. Madam, shugabar ɗakin nan, ta ce in ba ta natsu ba mu ɗaure mata hannuwa ga gado."

Furera ta sunkuyar da kai. "Ɗiyar fari ta."

"Na sani. Ni ma ɗiyar fari ce, uwata ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma ido bai san kunya ba, yaya."

Haka abin yake. Tun da aka yaye Biba, kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta. A bayanta ta yi barci, a ɗakinta ta koyi magana. Furera kuwa, kamar kowace mace mai kunya, ba ta kiran sunanta, ba ta wasa da ita, in an yabi yarinyar sai ta kau da kai. Sai dai ta leƙa ta katanga ta ga ko ta ci. Yanzu ga tsohuwa gwiwoyinta sun hana ta hawa kamyo, babbar motar kasuwa, ga Lurwanu, uban yarinyar, bai iya barin noma a tsakiyar damina. Sai aka bar su su biyu, uwa da 'ya, kamar baƙin da suka haɗu a tasha.

"Fitar da ita waje ta sha iska," in ji Lai'atu. "In na dawo na iske hannunta ga ƙyallen nan, igiya zan kawo."

Furera ta shimfiɗa tabarma a ƙarshen baranda, nesa da masu jinya da ke hura wuta. An yi ruwa da hantsi, sama ta wanku tas. La'asar ta yi sanyi, tuddan Adar sun yi jajir a ƙarƙashin koren gero, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tashi har cikin ƙirji.

Biba ta zauna tana shessheƙa. Can ta ce, cikin ƙaramar murya, ba da kowa take ba:

"Rana ta mutu."

Furera ta kau da kai.

"Tun da munka zo dare na. Rana ta mutu, an ɓoye mini." Hannun Biba ya fara hawa wajen ƙullin.

"Ba ta mutu ba."

Hannun ya tsaya a iska. Yarinyar ta juyo da fuskarta wajen muryar, kamar wadda ta ji tsuntsun da ba ta sani ba.

"Tana ina?"

Furera ta dubi hagu, ta dubi dama. Sannan ta kama ƙaramin tafin, ta juya shi wajen yamma, inda hasken ke kwararowa.

"Kin ji ɗumi? Ita ta."

"Wane launi gare ta?"

"Yanzu kamar man shanu. Sabon da aka kaɗa."

"Sama fa?"

Furera ta ɗaga kai. Ita kanta ta manta rabon da ta tsaya ta dubi sama don kallo kawai, ba don neman hadari ba. Faɗinta ya ba ta tsoro.

"Shuɗiya. Kin san zanen kakarki na zuwa biki? Kamar shi, bayan ya sha wanki."

"Wa ya rina ta?"

"Akwai marina can bayan tuddai," in ji Furera, tana mamakin inda maganar ke fitowa. "Kullum da asuba a tsoma ta sau ɗaya, ta fito fari-fari, kamar nonon da aka sa wa ruwa. In iska ta buge ta sai shuɗin ya kama. Da marece a sake tsoma ta, a sake, a sake, har ta yi baƙi wuluk. Shi na dare."

"Taurari fa?"

"Inda asu ya ci."

Dariya ta kuɓuce wa Biba, 'yar gajeruwa, ta farko tun ranar karan gero. A bayansu ma wata ta yi dariya. Lai'atu ce, ta dawo da igiya naɗe a hannu, ta jingina da ginshiƙi.

"Mu a lakwal, makarantar boko, cewa aka yi iska ke watsa hasken," ta ce. "Na sha bulala kan wannan, amma ban taɓa ganin abin da idona ba sai yau. Ci gaba, malama, ni ma ɗaliba ce."

Furera ta ja mayafi ta rufe baki. Amma yarinyar ta riga ta damƙe gefen zanenta.

"Yanzu fa? Ta sake?"

Ta sake. Rana ta sauko ta zauna a kan tudu, ƙatuwa, ana iya dubanta ido da ido. Gizagizai sun kama da wuta ta ƙasa, samansu kuwa launin ɓawon albasa.

"Ta yi ja-ja, kamar ranar da ke tsakiyar sabuwar tutar lakwal ɗin garinmu. Yanzu za ta ƙara."

"Jini na?" Biba ta zabura. "Wani abu ya soke ta?"

"A'a! Lalle na." Furera ta matso har kafaɗarsu ta haɗu. "Tun safe tana tafiya ba takalmi, daga gabas har yamma. Ƙafafunta duk sun tsage. In ta kusa gida sai a wanke mata su, a ƙunsa mata lalle. Jan nan da ke bazuwa ga sama, ruwan lallen na aka zubar."

"Wa ke ƙunsa mata?"

"Uwarta."

Awaki na kuka a nesa, wani na kiran salla a cikin gari.

"Rana tana da uwa?"

"Tana da."

"Tana yi mata magana?"

Furera ta dubi ɗan bakin da ke jiran amsa a ƙarƙashin farin ƙyalle, ta dubi tabon da ke haɓar, wanda ta san ranar da aka yi shi, ta san kuma yadda ta kwana tana kuka a ɗakinta ba wanda ya sani.

"Ba ta yi gaban mutane," ta ce a hankali. "Amma tun da rana ta fito har ta faɗi, idonta na kanta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗauke shi ba."

Yarinyar ta matso. Ta laluba da hannu, ta sami cinyar uwarta, ta ɗora kanta a kai, ta tura hannuwanta biyu a ƙarƙashin kumatu. Lai'atu ta juya ta koma ciki, tana share ido da bayan hannu.

"Salamu alaikum! Ina mutanen Azarori?"

Zaliha ce, yayar Lurwanu, ta sauko daga kamyon kasuwa da ƙwaryar fura a ka. Ta tako har bakin tabarma, sannan ta ja ta tsaya, baki buɗe.

"Ikon Allah! Furera, mi nike gani? Gidan likita ya wanke miki kunya? Bari in koma in ba tsohuwa labari."

Jikin Furera ya ɗauki zafi har kunnuwa. Cinyarta ta motsa da kanta, za ta zame. Nan take ta ji ƙaramin hannun ya fito daga ƙarƙashin kumatu, ya fara neman ƙulli.

Ta kama shi, ta riƙe a cikin nata.

"Sannu da hanya, yaya. Zauna, ki yi a hankali," ta ce. Sannan ta sunkuya wajen kunnen yarinyar. "Rana saura rabinta. An fara tsoma sama a marina, ta gabas ta soma baƙi."

"Sai mi kuma, Inna?"

Zaliha ta sauke ƙwaryar, ta zauna a gefen tabarma. Ita ma ta juya ta dubi yamma.