Ajin Bayan Kicin

Shekara biyu Elkana yana sauke 'yarsa Tabitha a ƙofar wata makaranta a unguwar Karama ta Dubai, bai san inda take zama ba. Ranar da ya sani ma zazzaɓi ne ya kama ta, aka kira shi. Mai gadi ya wuce da shi ta ƙarƙashin azuzuwan bene, na 'ya'yan Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zagaya da shi bayan kicin zuwa wani ɗakin katako. Yara goma sha takwas ne a ciki, 'yan Najeriya da Uganda da Habasha. Babu farar fata ko ɗaya. Wai ajin masu raunin Turanci ne, kuma daga nan ba a shiga jarrabawar wucewa sakandare. Tabithar da ke gyara wa ubanta wasiƙa in zai rubuta wa manaja.

Elkana mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki ne, ya fi sanin rufin ofis a kan cikinsa. Sai ya yi abin da ake yi a gida, ya nemi babba. Alhaji Badaru mai aika kaya Kano, wanda jikarsa Safiya ke ajin, ya saka babbar riga suka tafi.

Alhaji ya gaida shugabar makarantar, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya yaba gini. Can ya ce akwai wata 'yar magana, ba wata babba ba, in an samu hali a duba. A Kano wanda ya ji haka ya san an zo da rigima. Ita kuwa ta ɗauka godiya aka zo yi. Aka kawo shayi, aka ɗauki hoto. Elkana ma ya fito a ciki, haƙora duk a waje.

A bakin titi Alhaji ya ce ai ta fahimta.

"Alhaji, shayi kawai muka sha."

Elkana ya koma shi kaɗai, ko gaisuwa babu. Ya ce a kawo littafin 'yan bene, Tabitha ta karanta a gabansu. Matar ta ce ba launi ake dubawa ba, tsari ne. Ya tambaye ta wane irin tsari ne ya zaɓi baƙaƙe goma sha takwas bai kuskure ko sau ɗaya ba. Ta ce makarantu na da yawa a Dubai. Ya ja kujera ya zauna, duk da ya san waya ɗaya zuwa kamfaninsu ta isa ta kashe masa biza. Bai tashi ba sai da aka kawo littafin.

Ranar Lahadi, farkon makon makaranta a can, aka hau da Tabitha bene, ita kaɗai. Alhaji ya daina ɗaukar wayar Elkana, wai ya kunyata manya.

Da Tabitha ta dawo, ta tambayi ubanta ko gobe zai koma saboda Safiya.

Ya ce ta ci abincinta kada ya huce.