Kullin da ke damtsen Malam Abdullahi

Da hantsi salular Mubarika ta daina nuna mata awon sukarin jikin babanta. Tana cikin aji a makarantar da take koyarwa a Tibiri, ta duba, ta sake dubawa, babu komai. Ta kira gida, can ƙauyensu Dumega. Mahaifiyarta ta ce Malam yana rumfar ƙofar gida, Ɗantala wanzami na yi masa ƙaho, kuma yayar Malam, Hasiya, ta zo, ana ta magana a kan wani kulli da aka taɓa a damtsensa. Mubarika ta rubuta wa ɗalibai aiki a allo, ta fita ta tare kabu-kabu.

Ta san kullin. Bayan girbin bara yayanta Ishaku, da ke aiki a Faransa, ya kai tsohon can. Likita ya ɗan tsaga fatar damtse ya saka wata 'yar na'ura, ba ta kai tsinken ashana tsawo ba, mai auna sukarin jiki dare da rana. A samanta ake manna wani ɗan faifai, shi ke aika awon zuwa waya, yana kuma motsi idan sukari ya yi ƙasa. Tun da aka saka ta Malam Abdullahi bai ƙara yanke jiki ya faɗi a gona ba. Amma bai gaya wa kowa ba, ya ce wa gari jikoki ya je gani. Haka mutanenmu suke. Mutum ya gwammace a ce an jefe shi da a ce ciwo gare shi. A miƙa masa shayi mai zaƙi kamar zuma a wurin suna, ya shanye tas don kar a ce ya raina mutane, ya koma gida yana jiri.

Ta tarar da shi zaune a tabarma ba riga, ƙaho huɗu a bayansa, faifan ya ɓamɓare shi ya tura ƙarƙashin hula. Maza uku na gefe suna kallo. Ɗantala na goga aska a tafin hannu.

"Ga madam ta lakwal!" in ji Ɗantala, wato malamar makaranta. "Zo ki ga abin da babu a littahinku. Taɓa nan. Wanga ba ƙurji ba ne, shina da tsawo, shina gudu ƙarƙashin yatsa."

"Harbin doguwa ne," Gwaggo Hasiya ta ce daga bakin ƙofa. "Tun da ya sare gawon nan na bakin gona nike hwaɗi. A hidda shi yau, ɗan'uwana ya huta."

"Gwaggo, ina kwana. Don Allah kar a taɓa hannun nan."

"Ke kika haihe shi ko ni na goya shi?"

Bakin Mubarika ya cika da magana. Tana iya faɗin komai cikin numfashi ɗaya, da sunan ciwon da na na'urar, har da Faransanci in suna so. Amma sirrin ba nata ba ne, kuma idan ta tona shi a gaban abokansa, gobe da kansa zai kawo wa Ɗantala hannun. Ta durƙusa kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Baba, in aka fidda ta, babu mai mayar da ita a ƙasar nan. Damina na tafe, kai kaɗai kake yini a gona. Ni ba zan faɗa ba. Kai za ka faɗa, ko ka bari a yanka."

Tsohon ya dubi askar, ya dubi yayarsa. Tun da yake bai taɓa musa mata magana a gaban mutane ba. Ɗantala ya kama damtsen, ya ja fatar da yatsu biyu.

"Dakata, Ɗantala," in ji Malam Abdullahi.

Ya ɗaga hular, ya ɗauko faifan, ya miƙa wa 'yarsa. "Manna mini." Ta manna.

"Yaya, ki yi haƙuri, ba doguwa ba ce. Ciwon sukari gare ni, ya daɗe. Ni na ce ma lokotoro shi sa mini abin ga, ina kallo ya sa. Shi ka gaya mini in ci abinci kahin in hwaɗi."

Gwaggo Hasiya ta ja mayafi ta ce ita dai ta faɗi nata, ta shige cikin gida.

"To, Malam, ka zama salula ke nan," Ɗantala ya ce yana naɗe askar. "Ana sa maka caji?"

"Cire mini ƙahonnin ga, kai dai, surutu ya yi maka yawa."

Aka yi dariya. Mubarika ba ta yi ba, kallon babanta kawai take. Tana miƙewa sai Shu'aibu mai shagon hatsi, wanda ya rame a bana har rigarsa na yawo a jikinsa, ya matso yana sosa ƙeya.

"Malam, shi ciwon nan, da ƙishirwa shike hwarawa?"

Malam Abdullahi ya gyara masa wuri a tabarma. "Zamna in gaya maka. Mubarika, wace rana a ka awon sukari asibitin Tibiri?"