Rijiyar Kucheri

Tun zamanin mulkin soja, Markus, ma'aikacin ruwa a Gusau, yake shari'a shi kaɗai da ɗan kwangilar da ya karɓi kuɗin gwamnati, wai ya haƙa rijiya a Kucheri. Abokan aikinsa har sun daina gaishe shi.

Da gwamnati ta shiga ƙarar, lauyanta ya roƙi alƙali ya je ya gani da idonsa. Suka ɗunguma zuwa Kucheri, har da Markus.

Inna Ladidi, maƙwabciyar rijiyar, ta shimfiɗa musu tabarma, ta miƙa wa alƙali guga.

"Ranka ya daɗe, baƙo ruwa ake fara ba shi. Ɗebo ka sha."

Ya zura guga, nan take ya ji gugan ya dunguri busasshiyar ƙasa.

Ruwan randarta kuwa, wanda ta ɗauko daga rafi, Markus kaɗai ta ba.